Ga mai tambaya kan 'yarta da ke son buga netbol a matakin ƙasa da ƙasa

Assalamu alaikum 'yar'uwa. Na ga tambayarki tun jiya, na bari sai na samu zama, domin ba magana ce ta layi biyu ba. Kin ce 'yar tamu shekararta 14, ta fi duk sa'o'inta tsawo, malamar wasanni ta ce hannunta na da kyau wajen jifa, ita kuma ta kafe sai ta buga wa ƙasa ta kuma fita waje. Kina son sanin ko netbol, wasan nan na jefa ƙwallo cikin zobe da hannu, sana'a ce da ke riƙe mutum, ta ina ake bi, kuma ko ya dace a sassauta mata karatu saboda atisaye. Na buga wasan nan tun ina makaranta, daga baya na yi shekaru ina horar da 'yan mata ina kuma hura usur, don haka zan faɗa miki abin da idona ya gani da abin da na sani game da manyan 'yan wasan.

Sana'a ce, amma ƙofarta ƙarama ce ƙwarai, kuma gara ki san ƙanƙantarta tun yanzu. Gasar lig da ta fi kowacce biyan kuɗi ita ce ta Ostireliya, Super Netball, wadda aka fara a 2017. Ƙungiyoyi 8 ne, kowacce tana ba 'yan wasa 10 cikakken kwantiragi. Gurbi 80 ke nan, kuma a kansu ne 'yan Ostireliya da 'yan Jamaika da 'yan Ingila da 'yan Afirka suke kokawa. Niyuzilan tana da tata gasar mai ƙungiyoyi 6. Ingila tana da Netball Super League tun 2005, an yi mata garambawul a 2025 aka mayar da ita ƙungiyoyi 8 da niyyar 'yan wasa su riƙa rayuwa da ita, amma shekara da shekaru yawancin masu bugawa a can malaman makaranta ne, ko ɗalibai, ko ma'aikatan ofis da ke zuwa atisaye bayan an tashi aiki. Idan kika haɗa duka ukun, matan da ke cin abinci da netbol kaɗai a duniya ba su wuce 'yan ɗaruruwa ba.

Kuɗin ma kada ki auna shi da na ƙwallon ƙafa. A Ostireliyar da ake wa kallon ƙololuwa, mafi ƙarancin albashi bai kai dalar ƙasar 50,000 a shekara ba, a ƙasar da hayar gida kaɗai ke lashe kaso mai tsoka. A ƙarshen 2023 'yan wasan sun shafe sama da wata biyu ba albashi saboda taƙaddama da hukumar wasan kan rabon kuɗin shiga, kuma cikinsu har da waɗanda suka ɗauko wa ƙasar kofin duniya a watan Agustan shekarar. A shekarar ce kuma ƙungiyar Collingwood ta janye daga gasar, 'yan wasanta suka shiga neman inda za su sa kai. Kwantiragin shekara ɗaya ko biyu shi ne aka saba. Ban faɗi wannan don in kashe miki gwiwa ba, ina son wasan nan har cikin raina, kuma abin yana mini ciwo ganin irin wahalar da matan nan ke sha da abin da ake ba su.

Sai maganar buga wa ƙasa, kuma nan ne abin da iyaye da yawa ba su lura da shi. Babu netbol a gasar Olamfik. Manyan fagage biyu ne: gasar cin kofin duniya, wadda aka fara a Eastbourne ta Ingila a 1963 aka kuma saba yi duk shekara huɗu, da wasannin ƙasashe renon Ingila, inda aka shigar da netbol a 1998 a Kuala Lumpur. Ƙasashe 16 ke zuwa kofin duniya, kowacce da 'yan wasa 12. Masu farautar 'yan wasa a waɗannan wurare suke zuba ido. Ma'ana, komai iyawar yarinya, idan ƙasar da take riƙe da fasfonta ba ta da tawagar da ke zuwa irin waɗannan gasa, ba mai ganinta. A gasar 2023 da aka yi a Cape Town, karon farko a nahiyar Afirka, ƙasashen Afirka huɗu ne suka buga: Afirka ta Kudu, Yuganda, Malawi da Zimbabuwe. Yuganda ta zo ta biyar, ta doke mai masaukin baƙi a wasan neman matsayin. Ostireliya ce ta ɗauki kofin, karo na 12, bayan ta ci Ingila 61 da 45.

Idan kina son ki ga yadda rayuwar 'yar wasa take daga tushe har sama, ki nemi tarihin Mwai Kumwenda ta Malawi. An haife ta a 1989 a yankin Mzimba, a ƙauye, kuma ta sha faɗa cewa da ƙwallon leda da aka ɗaure ta fara, ba takalmi. Daga wasan makaranta ta shiga kulob, daga kulob ta shiga tawagar ƙasa, kuma rigar Malawi ce ta sa aka gan ta. Da ta je Ostireliya ba babbar gasa aka kai ta kai tsaye ba. A gasar jihar Victoria ta fara, mataki na ƙasa, ta yi shekaru a nan, sannan ƙungiyar Tactix ta Niyuzilan ta ɗauke ta a 2014. A kofin duniya na 2015 a Sydney ita aka zaɓa gwarzuwar gasar baki ɗaya, alhali Malawi ba ta kai ko wasan kusa da na ƙarshe ba. Ki tsaya ki auna wannan: a gasar da manyan 'yan Ostireliya da Niyuzilan suke ciki, 'yar ƙauye daga Mzimba ce ta fi kowa. A 2017 ta koma Melbourne Vixens. A 2018 tana cikin tawagar Malawi da ta doke Niyuzilan 57 da 53 a wasannin ƙasashe renon Ingila a Gold Coast ta Ostireliya, abin da ya girgiza duk mai bin wasan. Watanni kaɗan bayan haka jijiyar gwiwarta ta tsinke a wasan lig, aka yi mata tiyata, ta shafe kusan shekara tana jinya. Ta dawo, kuma a 2020 Vixens ta ɗauki kofin lig, ita aka ba kyautar gwarzuwar wasan ƙarshe.

Abin da nake so ki riƙe daga labarinta shi ne tsawonta mita 1.83 ne kacal, wanda a wajen mai jifa a wannan mataki ba wani abin a zo a gani ba ne. Akwai irin su Jhaniele Fowler ta Jamaika da ta kusa mita biyu, da Mary Cholhok ta Yuganda da ta haura mita biyu. Abin da ya ɗaga Mwai shi ne tsalle, da iya kama ƙwallo a sama komai munin yadda aka jefo mata, da sanin lokacin da za ta zame wa mai tsaronta.

Wannan ya kawo ni kan abin da ya fi damuna game da dogayen yara irin 'yar tamu. Na gani ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Koci ta samu yarinya mai tsawo, sai ta sa mata riga mai GS, wato babbar mai jifa, ta ajiye ta a gindin sanda, ta ce wa sauran su riƙa cilla mata ta sama. Ana cin wasa, ana ɗaukar kofin makarantu, kowa na murna. Yarinyar kuwa ba ta koyon komai. Ranar da ta kai shekara 17 ta je gwajin shiga tawagar jiha ko ta ƙasa, sai ta tarar da mai tsaron baya da ta kai ta tsawo ta kuma fi ta zafin nama, a nan take komai ya tsaya. Netbol wasan ƙafa ne kafin ya zama wasan hannu. Ba a gudu da ƙwallo, ba a buga ta a ƙasa ana tafiya kamar a ƙwallon kwando. Ƙafar da kika fara dira da ita, idan kika ɗaga ta ba za ki sake sauke ta ba sai kin saki ƙwallon. Daƙiƙa uku kawai gare ki. Zoben yana sama da ƙasa da mita 3.05, babu allo a bayansa da zai taimake ki, kuma mutum biyu ne kaɗai cikin bakwai ke da izinin jifa, daga cikin da'ira. Duk wannan yana nufin kafin ƙwallo ta iso hannun yarinya ta riga ta yi aikin: ta yaudari mai tsaronta, ta buɗe wuri, ta san inda za ta dira da wanda za ta miƙa wa.

Saboda haka ki roƙi malamar tata ta riƙa juya ta. Ta buga GA, mai jifa ta biyu, inda dole ta fito waje ta yi gudu. Ta buga tsaron baya, wato gurbin GD ko GK, ko da wata uku ne a shekara. Mai jifar da ta taɓa tsaron baya ta san abin da ke cikin kan mai tsaronta. Kuma wa ya sani, wataƙila a can rabonta yake. A netbol bayan kowane ci ƙungiyoyin biyu karɓa-karɓa suke yi wajen fara wasa daga tsakiya, don haka idan kowa ya ci nasa kunnen doki za a tashi. Wadda ta fizge ƙwallo sau ɗaya ita ke raba gardama. Shi ya sa gwarzuwar kofin duniya na 2019 a Liverpool mai tsaron baya ce, Karla Pretorius ta Afirka ta Kudu, kuma shi ya sa Adelaide Thunderbirds ta ɗauki kofin Ostireliya a 2023 da 2024 da Shamera Sterling ta Jamaika a bayanta. Jifar ma, a matakin ƙasa da ƙasa ana sa ran mai GS ta ci tara cikin goma, a minti na 58 cikin 60 na wasan, numfashi ya ƙare, ga hannu a gaban fuskarta. Don haka jifar da za ta riƙa yi a gida ta zama bayan ta yi gudu ta gaji, ba tana tsaye cikin natsuwa ba.

Yanzu gwiwa. Idan kin manta duk abin da na rubuta kada ki manta wannan. Dokar dira da na faɗa miki ita ce ke sa 'yar wasa ta taho a guje ta yi tsalle ta tsaya cak a kan ƙafa ɗaya, sau da dama tana juya jiki. Nauyin duka a gwiwa da idon sawu yake sauka. Jijiyar cikin gwiwa da likitoci ke kira ACL ita ce ke tsinkewa, kuma mata sun fi maza saurin samun wannan rauni. Bayan tiyata, wata 9 zuwa 12 ne kafin a dawo fili, wasu kuma ba su dawowa yadda suke. Na taɓa riƙe yarinya a gefen fili bayan hakan ta faru da ita, ba wanda ya taɓa ta, dira kawai ta yi gwiwar ta karkata ciki. Ita ce ta fi kowa iyawa a cikin waɗanda na horar, kuma ba ta sake buga gasa ba, domin iyayenta ba su da halin tiyata da gashin da ke biyo baya. Har yau ina tuna ta.

Abin farin ciki, ana iya rage haɗarin sosai, kuma ba da kuɗi ba. Hukumar netbol ta Ostireliya tana da shirin ɗumama jiki mai suna KNEE, ta Niyuzilan tana da NetballSmart, duka suna nan kyauta a intanet da bidiyonsu. Minti goma zuwa sha biyar ne kafin atisaye: a koya wa yarinya ta dira a hankali gwiwa a lanƙwashe, gwiwar tana saitin yatsun ƙafa ba ta faɗa ciki ba, a ƙarfafa cinya da ƙugu, a koyi tsayuwa a ƙafa ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma shekara 14 ita ce daidai lokacin, domin jikinta na miƙewa da sauri fiye da yadda tsokarta ke ƙarfi. Ki tsaya da kanki ki kalli yadda take dira. Idan kika ga gwiwoyin suna haɗewa, a gyara wannan kafin a ƙara mata ko wasa ɗaya. Takalmi kuma ya zama na fili mai riƙe ƙafa ta gefe, ba na gudu ba. Kuma kada ki yarda a sa ta buga wa ƙungiya uku a mako ɗaya don kowa na son doguwar yarinya.

Wadda ta tsare jikinta tana iya daɗewa fiye da yadda ake zato. Irene van Dyk ta buga wa Afirka ta Kudu wasa 72, har da kofin duniya na 1995 inda suka zo na biyu, sannan ta koma Niyuzilan a 2000 ta buga mata 145. Jimla 217 ke nan, ta ɗauki kofin duniya a 2003 a Jamaika, ba ta ajiye rigar ƙasa ba sai 2014 bayan ta haura shekara arba'in. Malamar makaranta ce, kuma uwa ce tun kafin ta bar Afirka ta Kudu. Geva Mentor ta Ingila ta shiga tawagar ƙasa tana 'yar 16, ta halarci kofin duniya sau shida, tana cikin waɗanda suka doke Ostireliya 52 da 51 a gidanta a wasan ƙarshe na Gold Coast a 2018. Casey Kopua ta Niyuzilan ta ji mummunan rauni a gwiwa, ta haihu, ta yi ritaya, ta dawo ta ɗauki kofin duniya a 2019. Na kawo waɗannan ne saboda na san akwai tambayar da ke zuciyar kowace uwa ko ba ta faɗa ba, wato aure da haihuwa. Ba su hana ba. Amma su waɗannan ukun ƙasashensu na da likitoci da masu gashi da ke bin 'yar wasa har ta miƙe, kuma ba kowace 'yar wasa ke da wannan gatan ba.

Akwai kuma rikicin kulob da ƙasa, wanda ba a cika faɗa wa yara ba. Niyuzilan ta yi shekaru da dokar cewa sai mai bugawa a gida za ta sa rigar ƙasa, kafin a sassauta ta a 2025. Laura Langman, 'yar tsakiyar da ba su da kamarta, ta tafi Sunshine Coast Lightning ta Ostireliya a 2017 aka ajiye ta. A 2018 Niyuzilan ta dawo daga Gold Coast ba ko lambar tagulla, aka dawo da ita, ita ce kyaftin ɗin da ta ɗaga kofi a 2019. Haka aka sake yin ce-ce-ku-ce da Grace Nweke, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne aka haife ta a Auckland, lokacin da ta koma NSW Swifts ta Ostireliya a 2025. 'Yar wasan da ta fito daga ƙasa mai ƙaramin ƙarfi kuwa tata matsalar daban ce: albashinta a waje yake, amma ƙasa ce ta fito da ita, kuma duk lokacin da ta amsa kiran gida tana saka gwiwar da take ci da ita a cikin haɗari, sau da yawa a kan alawus da bai taka kara ya karya ba.

To maganar karatu. Amsata a'a ce, kada a sassauta, kuma ba don tsoron kada wasan ya ƙi ba kawai. A netbol karatu kansa hanya ce ta shiga. Peace Proscovia ta Yuganda, 'yar Arua, wasan ne ya kai ta Kampala, ta yi jami'a a can tana bugawa. Ita ce kyaftin ɗin da ta jagoranci Yuganda zuwa kofin duniya na 2015, karonsu na farko tun 1979. Loughborough Lightning ta Ingila ta ɗauke ta, ƙungiyar da ke cikin jami'ar Loughborough, ta yi digiri na biyu a can tana buga lig, sannan ta wuce Ostireliya a 2019. Mary Cholhok, wadda aka haifa a Sudan ta Kudu ta tashi a Yuganda, ita ma ta Loughborough ta bi kafin ta isa Queensland Firebirds ta Ostireliya. A Ingila da Afirka ta Kudu manyan ƙungiyoyi da dama a jikin jami'o'i suke, kuma gurbin karatu na 'yan wasa sai mai sakamakon jarrabawa ake ba. Yarinyar da ta zubar da karatu a shekara 15 ta rufe wa kanta ƙofar da ta fi faɗi. Kuma ko wadda ta yi sa'a ta buga har shekara 35, tana da sauran rayuwa mai tsawo a gaba da albashin netbol bai isa ya tara mata ba.

Abin da zan ba da shawara a shekaru uku ko huɗu masu zuwa ba shi da yawa. Ta samu kulob ban da tawagar makaranta, inda za ta haɗu da waɗanda suka girme ta suka fi ta. Ki binciki hukumar netbol ta ƙasar da kuke, ki ji ko suna da gwajin 'yan ƙasa da shekara 17 da 19 da 21, domin akwai kofin duniya na matasa 'yan ƙasa da 21, an yi shi a Gaborone ta Botswana a 2017, kuma manyan 'yan wasa da dama ta nan aka fara jin sunansu. Ki riƙa ɗaukar mata bidiyon cikakken wasa daga wuri mai tudu, ba guntayen jifar da ta ci kaɗai ba, domin koci mai ido abin da yarinya ke yi lokacin da ba ta riƙe da ƙwallo yake kallo. Ku zauna tare ku kalli wasan ƙarshe na 2019 tsakanin Niyuzilan da Ostireliya, wanda aka tashi 52 da 51, daga farko har ƙarshe, ki ce mata ta bi mutum ɗaya da ido ta ƙyale ƙwallon.

Ba ki faɗi ƙasar da kuke zaune ba, ba ki kuma faɗi ko tana da damar fasfo fiye da ɗaya ba, kuma rabin amsar a nan take. Ki rubuto mini wannan, da gurbin da take bugawa yanzu, da sau nawa take atisaye a mako, sai in faɗa miki matakin da ya kamata ta nema a bana. Ki gaishe mini da ita, Allah ya raya mana ita ya tsare mata ƙafafunta.